Kumburin Jijiyar Jini A Ƙwaƙwalwa: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu



Dalilin wannan jawabi shi ne, yanzu akwai na'urorin ɗaukar hoton cikin kai a manyan asibitoci. Sau da yawa mutum yakan je saboda wata larura dabam, ko faɗuwa daga kan babur, ko yawan ciwon kai, sai likita ya duba hoton ya gaya masa akwai jijiyar jini da ta kumbura a ƙwaƙwalwarsa. Sai ya komo gida jiki a sanyaye, ya shiga yin wasiyya. Dangi su hana shi zuwa gona, abokan ciniki su janye jiki, idan kuwa mai riƙe da sarauta ne, a soma raɗe-raɗin wanda zai gaje shi. Irin wannan magana a gaban hakimi takan ƙare, saboda haka ya kamata hakimi ya san gaskiyarta.

Asalin Abin

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai jijiyoyin jini da suka haɗu suka yi zobe, wanda wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya bayyana a littafinsa cikin 1664. Inda jijiya ta rabu biyu, wani lokaci bangonta yakan yi rauni, jini ya riƙa tura shi har ya yi ƙululu, kamar yadda tayar keke takan yi inda ta sille. Likitoci suna kiransa aniyurizim. Ba jifa ba ne, ba sammu ba ne, ba a kuwa ɗaukarsa daga wani.

Cikin manyan mutane 100, wajen 3 suna da shi. Yawancinsu sukan tsufa, su rasu da wani ajali dabam, ba su ma san da shi ba. Ya fi samun mata, da waɗanda suka haura shekara 40. Wani babban bincike da aka yi a kan mutum fiye da 4,000 a Amurka da Kanada da Turai, aka buga sakamakonsa cikin 2003, ya nuna ƙululun da bai kai milimita 7 ba, watau kamar ƙwayar wake, idan yana jijiyoyin sashen gaba, da wuya ƙwarai ya fashe.

Magani

Cikin 1937 Walter Dandy, wani likitan Amurka, ya buɗe kan majiyyaci ya matse wuyan ƙululun da ɗan ƙarfen azurfa. Cikin 1990 kuma Guido Guglielmi, mutumin Italiya, ya soma wata dabara wadda ba a buɗe kai. Ana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har ya kai ƙwaƙwalwa, sa'an nan a cusa zaren ƙarfe mai taushi cikin ƙululun, jini ya daskare ya toshe shi. Dukansu biyu ana yinsu har yau.

Amma kowace tiyata tana da nata haɗari. Likita yakan duba girman ƙululun, da wurin da yake, da shekarun mai shi, kana ya yanke shawara. Idan ya ce a bar shi a riƙa sake hoto lokaci lokaci, ba sakaci ya yi ba, ba kuma don ya ga talaka ba ne. Ya auna ne, ya ga barin ya fi taɓawar sauƙin haɗari.

Zaman Mai Shi

Abu biyu suka fi sa ƙululun girma da fashewa: hawan jini da taba. Tilas mai shi ya bar sigari da shisha ɗungum, ya nisanci giya. Ya riƙa gwada jininsa, ya sha maganin hawan jini kullum ko da yana jin garau, a rage masa gishiri da dunƙule a miya. Bayan wannan, yawanci likitoci ba su hana salla, ko noma, ko kasuwa, ko zaman aure. Batun azumi, da aikin hajji, da goyon ciki, sai a nemi shawarar likita tukuna. Idan mutum biyu na jini ɗaya, kamar uwa da ɗa, ko wa da ƙane, sun sami cutar, ya kyautu sauran su je a duba su.

Alamun Haɗari

Idan fatar ido ɗaya ta sauko, ko mutum ya soma ganin abu biyu-biyu, ko ciwo ya tsaya a bayan ido, a kai shi asibiti ran nan.

Idan kuwa ƙululun ya fashe, ciwon kai ne yakan sauko farat ɗaya kamar an buga masa taɓarya, irin wanda bai taɓa ji ba. Yakan zo da amai, da sanƙarewar wuya, da ƙin haske, wani har ya suma. Cikin mutum 3 da abin ya fashe musu, 1 ko fiye yakan rasu, jinkiri kuwa yana ƙara yawansu, domin jijiyar takan sake ɓallewa cikin kwanakin farko. Kada a tsaya kiran wanzami ya yi ƙaho ko tsaga. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko jiƙo. A kwantar da shi ta gefe, a nufi babban asibiti. Akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato.

Abin Da Ake Roƙon Hakimai

Na farko, kada a tuɓe dagaci ko mai unguwa, ko a sallami malami, don kawai an ga wannan a hotonsa. Takardar likita ita ce shaida.

Na biyu, a riƙe sirrinsa. Malamin da ya karanta wa wani takardar asibiti amana aka ba shi.

Na uku, ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen gidan su san alamun nan, a ajiye takardunsa da hotunansa wuri ɗaya, a kuma shirya tun yanzu da mai motar da zai tashi ko da tsakar dare ne.

Mutumin da ya san abin da ke kansa, ya kiyaye jininsa, ya bar taba, ya fi wanda ke ɗauke da shi bai sani ba tsira. Allah ya ba da lafiya da zama lafiya, amin.