Kafin a yi maka allura, san tsokar jikinka

Yau daga Birniwa nake magana, kuma zancen tsoka za mu yi.

Tsokokin da ke manne da ƙashin jikinka sun haura 600. Aikinsu ja ne kawai, ba sa turawa, shi ya sa suke aiki bibbiyu. In kana yankan riɗi da lauje, ƙwanjinka ne ke lanƙwasa hannu, ta bayansa kuma ta miƙar da shi.

Sunayen da likitoci ke kiransu fa kwatance ne, da Latin da Girkanci. Baisef, mai kai biyu, ita ce ƙwanji. Tiraisef, mai kai uku, ta bayan. Gulutiyos maksimos kuwa, babbar tsokar ɗuwawu. Mu ma ai haka muka raɗa wa sha-raɓa suna.

To ina amfanin sani? A ƙarƙashin ta ɗuwawun nan akwai babbar jijiya da ta sauka har ƙafa. In allura ta taɓa ta, ƙafar na iya shanyewa. Shi ya sa ƙwararru ke yin ta can sama, ta gefen waje. Don Allah, kar mu miƙa ƙannenmu ga duk wanda ya riƙe sirinji. A kai su asibiti.