Goɗiya ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba? Jawabi ga makiyaya da ƴan kasuwar bisashe

  

Maganar da muka kawo yau ta ciki ce, wato yadda ake tabbatar da goɗiya ta ɗauka, haka ma saniya da jaka, tunda duk dukiya ɗaya ce. Mun san wani zai ce a ransa: mu da muka tashi a bayan saniya za a koya wa sanin ciki? Ba mu zo koya wa kowa kiwo ba. Amma ku dubi lissafi. Saniya tana wata 9 da ƴan kwanaki kafin ta haihu. Goɗiya tana kusan kwana 340, wato wata 11. Jaka tana cika shekara, taguwa kuwa har kusan wata 13. Ke nan wanda ya zauna yana jiran goɗiyar da ba ta ɗauka ba, shekara guda ya ba ta dawa da harawa a banza. Wanda kuma ya kai saniya kasuwa da zaton juya ce, mahauci ya yanka ya tarar da ɗa, ya sayar da biyu a kuɗin ɗaya. Duk mai shiga mayanka ya taɓa ganin wannan da idonsa.

Alamun da muka gada suna nan, kuma suna aiki. Goɗiya tana neman namiji kusan kowane kwana 21. In an yi mata barbara, bayan sati uku aka kawo ingarma ta kwantar da kunne ta kai masa harbi, sai mu ce ta ɗauka. Taguwa mai ciki tana ɗaga wutsiya in amale ya matso ta. Saniyar da cikinta ya yi nisa, in ka dunƙule hannu ka tura ta gefen dama, za ka ji ɗan ya bugo ka. Sai dai wannan na ƙarshe ba ya samuwa sai ciki ya kai wata 6 ko 7, lokacin ai kowa ma ya gani. Kuma yunwa tana yi mana ƙarya. Da bazara, bisar da ta rame takan daina neman namiji ɗungum, mai ita ya ce ta ɗauka, alhali jikinta ne ya gaza. Da kaka kuma goɗiya ta ƙoshi, tumbi ya fito, a ce ciki ne. Akwai ma mai cikin da takan tsaya wa namiji, ka ce ba ta da komai.

Abin da likitan bisashe ya fi yi shi ne awo da hannu. Yana sa doguwar safar roba har kafaɗa, ya shiga ta duburar bisa ya taɓa mahaifa. A saniya, gwani yana gane ciki tun daga kwana 35 zuwa 45. Muna roƙonku kada kowa ya gwada wannan da kansa, musamman ga goɗiya. Hanjinta ba ya da kauri kamar na saniya, in ya yage da wuya ta tashi.

Sai na'urar hoton ciki, wadda ake kira eko, irin wadda ake duba mata da ita a gidan haihuwa. Yanzu akwai ƙarama mai batiri da ake ratayawa a wuya. Da ita ana ganin cikin goɗiya tun kwana 14 bayan barbara, a wajen kwana 25 kuma ana ganin zuciyar ɗan tana bugawa. A saniya sai an kai kamar kwana 30. Abin da ya sa likita ke son ganin goɗiya da wuri haka shi ne tagwaye. A tunkiya tagwaye arziki ne, a goɗiya kuwa masifa ce, don mahaifarta ba ta iya ciyar da biyu. Galibi sai ta yi ɓari bayan ciki ya yi nisa, ko ta haifi raunana su mutu. In an gani kafin kwana 16 ko 17, likita yana iya kawar da ɗaya, ɗayan ya rayu. In an wuce nan aikin ya yi wuya.

To, akwai dawakin da hannu ba ya shiga cikinsu da sauƙi. A Amurka da ƙasashen Turai ana kiwon wasu ƙananan dawaki da ko ƙurun da muka sani ya fi su tsawo nesa ba kusa ba. Ƙungiyar masu su da aka kafa a Amurka a 1978 ba ta rubuta dokin da ya wuce santimita 86 ba, kamar tsawon babban rago ke nan. Akwai wani irinsu mai suna Falabella da ya fito daga Ajantina. Goɗiyar irin wannan tana saurin ƙiba, kullum kamar mai ciki take, kuma haihuwa takan zo mata da gardama, don haka mai ita dole ya san ranar da zai zauna tsaro. Likitocinsu sukan ɗaura bakin na'urar eko a jikin siririyar sanda maimakon hannu, ko su jira ciki ya girma su duba ta fatar ciki, ko kuma su ɗebi jini. Mun kawo zancensu ne don ƙaramar jaka da ƙaramar goɗiya tamu ma matsalarsu ke nan.

Awon jini yana da lokacinsa, kuma a nan ne ake yawan ruɗewa, shi ya sa za mu ɗan daɗe a kansa.

In an ɗebi jini wajen kwana 18 zuwa 21 bayan barbara, ana auna wani sinadari mai riƙe ciki, farojestaron. In ya yi ƙasa, ba ta ɗauka ba, a mayar da ita ga ingarma. In ya yi sama, ba shaida ba ce, wataƙila ce kawai, don goɗiya marar ciki ma takan riƙe shi.

Daga kwana 40 zuwa wajen kwana 120, mahaifar goɗiya tana zuba wani sinadarin a jini, likitoci suna ce masa eCG. Wasu masana biyu, Cole da Hart, suka gano shi a Kaliforniya a 1930. Ku saurara da kyau, ga tarkon. In ɗan ya mutu a ciki bayan wannan sinadari ya fara fita, ba ya tsayawa. Awo zai ci gaba da cewa akwai ciki, goɗiyar kuma takan daɗe ba ta koma neman namiji yadda ya kamata ba. Mai ita yana riƙe da takardar likita, amma babu komai. Haka kuma goɗiyar da jaki ya hau, mai ɗauke da alfadari, sinadarin nan kaɗan take fitarwa, awo yana iya cewa babu alhali akwai. Kafin kwana 40 ko bayan wata 4, wannan awo ɓarnar kuɗi ne.

Wanda ke nuna ɗa yana da rai shi ne estaron salfat, da ake aunawa bayan kamar kwana 100. Shi ɗan da mabiyiyarsa ne ke haɗuwa su yi shi, in ɗan ya mutu sai ya faɗi. Saniya ma tana da nata awon jinin tun daga kwana 28. Wani abu kuma: ɗan tsinken awon ciki na mata da ake sayarwa a kantin magani ba ya aiki ga goɗiya ko saniya, don abin da yake nema a fitsarin mace babu shi a nasu.

Kun ga duk maganar nan kwanaki muke ta ƙirgawa. Tambayar farko da likita zai yi ita ce: yaushe aka hau ta? In muka ce "wajen tsakiyar damina", mun ɗaure masa hannu, bai san awon da zai zaɓa ba. Saniya a cikin garke ba kullum ake ganin ranarta ba, mun yarda. Amma goɗiya mu ke kai ta wurin ingarma da ƙafarmu. A sa yaro ɗan makaranta ya rubuta ranar, ko a riƙe ta da ranar kasuwa da kwanan wata.

Sanin ciki yana da amfani ga magani ma. Albendazol ɗin da muke ba shanu don tsutsar ciki, a takardarsa an hana ba saniya a kwana 45 na farkon ciki, yana iya lalata ɗan. Allurar deksametazon da ake sayarwa a tebur ranar kasuwa tana sa saniya mai tsohon ciki ta zubar. Shanu nawa suka yi ɓari aka ce iska ce ko sammu, alhali allura ce? In kuwa bisa ta yi ɓari, kada a taɓa ɗan ko mabiyiya da hannu tsirara, a rufe su cikin rami mai zurfi, don ciwon bakkale yana kama mutum ta nan.

Ku kuma dillalai, ƴan'uwanmu, kalmar "tana da ciki" tana ƙara kuɗi, kuma ita ce ke kawo rigima bayan wata uku, har a kai gaban sarki. Haka ma wanda aka ba habbanaye yake jiran maraƙi. In bisa mai tsada ce, kuma akwai likita ko mataimakinsa a kasuwar, a kira shi kafin a buga hannu, mai saye da mai sayarwa su raba kuɗin awon.

Mun san ba kowace kasuwa ke da likita ba, na'urar eko kuwa sai manyan garuruwa, jini ma sai an kai shi gidan awo cikin sanyi. Shi ya sa muke ganin hanya mafi sauƙi ita ce mutanen ruga ɗaya, ko masu shayarwa a rijiya ɗaya, su haɗa bisashen da ake shakka a kansu, su kira likita rana guda su raba kuɗin mansa. Lokacin allurar rigakafi ta shekara ma dama ce, tunda shanu suna tare a wuri ɗaya. A gaya masa tun da wuri cewa akwai awon ciki, don ya taho da safa da kwalaben jini, a kuma tanadi igiya da mutum biyu masu ƙarfi da za su riƙe goɗiya.

Mai tambaya sai ya ɗaga hannu.