Me Ɗan Manomi Zai Ci Da Karatun Rashanci? Jawabi Ga Taron Shekara

 

Abin da ya sa muka zaɓi wannan batu shi ne wata magana da aka kawo mana bara. Wani yaro daga cikin 'ya'yanmu ya sami gurbin karatun harshen Rasha da adabinta a jami'a. Mahaifinsa ya zo mana ransa a ɓace, ya ce, "Malam, me yaron nan zai ci da yaren mutanen da daularsu ta rushe?" Tambayar ba ta raini ba ce, kuma ta cancanci amsa.

Da farko, ƙasashen nan ba baƙinmu ba ne. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, Tarayyar Sobiyat ce ta sayar wa Gwamnatin Tarayya jiragen yaƙi ƙirar MiG. A 1979 aka ba wani kamfaninsu kwangilar gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, wadda har yau ba ta yi aikin da aka gina ta dominsa ba. Da Tarayyar ta wargaje a Disambar 1991, ƙasashe 15 suka fito daga cikinta. Ɗaya daga cikinsu ita ce Uzbekistan, inda birnin Buhara yake, mahaifar Imamu Buhari wanda muke karanta littafinsa a zaurukanmu.

Na biyu, su sun daɗe suna nazarinmu. A 1963 aka buga ƙamus na Hausa da Rashanci a Mosko, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Olderogge. A Jami'ar Warsaw ta ƙasar Poland ana koyar da Hausa, kuma a can Farfesa Pilaszewicz ya yi aiki a kan rubuce-rubucen ajami na Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya rasu a Kete-Krachi a 1934. To, idan sun san mu har cikin ajaminmu, ya kamata a ce muna da namu da suka san su. Wanda ya zauna ciniki da mai jin harshensa, shi kuwa ba ya jin na abokin cinikin, ai an gama da shi tun kafin a yi tayi.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, tarihinsu madubi ne a gare mu. Daga wajejen 1960 hukumomin Sobiyat suka karkatar da manyan koguna biyu domin noman auduga, ba tare da shawartar masunta da mazauna ƙasan kogi ba. Sakamakon haka Tekun Aral, wanda yake cikin manyan tafkunan duniya, ya ƙafe saura kaɗan. Mu nan muna da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ta rayar da noman rani a Kadawa, amma manoma da masunta na fadamun Haɗejiya da Nguru suna kukan raguwar ruwa. Haka nan suna da garuruwan da suka dogara da ma'adini ɗaya, suka durƙushe da aka rufe mahaƙar. Duk wanda ya san Riruwai kafin haƙar kuza ta ja baya, ya san wannan ciwo. Gani ga wane, in ji Bahaushe, ya ishi wane tsoron Allah.

Irin waɗannan darussa ba a cikin rahoton gwamnati ake samun su ba, domin a can gwamnati ce take tace labari. Marubuta ne suka adana gaskiya. Solzhenitsyn ya bayyana azabar sansanonin gwale-gwale, aka kore shi daga ƙasar a 1974. Aitmatov na Kirgistan ya rubuta labarin malamin ƙauye mai fafutukar sa yarinya a makaranta. Mu da muka yi shekaru muna bi gida-gida neman ɗalibai, mun san wannan labari kamar a Kiru aka yi shi.

Ba muna cewa a rungumi aƙidar gurguzu ba ne. Ta rufe masallatai da coci-coci, ta ƙwace gonakin talakawa, kuma a 1932 da 1933 miliyoyin mutane suka mutu da yunwa a Yukren. Sanin cuta shi ne farkon magani.

Saboda haka muna roƙon abu biyu. Kwamitin tallafin karatu, wanda ya saba fifita likitanci da injiniyanci, ya ware ko da gurbi ɗaya ga mai karatun harsuna da tarihin ƙasashen waje. Ana koyar da Rashanci a jami'o'in Ibadan da Legas, ba sai an ƙetare teku ba. Ku kuma mazauna birane, ku buɗe wa irin waɗannan yara ƙofofinku, ku nuna musu hanyar aikin jakadanci da tafinta da jarida da koyarwa.

Yaron nan dai mahaifinsa ya sa masa albarka ya tafi. Kuɗin rajistar baɗi ne ba a san inda za su fito ba, kuma takardarsa tana hannun sakatare.