HOTON ƘWAƘWALWA DA MAI DOGUWAR SUMA

Yau maganarmu a kan mutumin da ya bugu a kai ne, ko ya faɗo daga babur, ko daga bishiya, ya suma, aka yi kwana da kwanaki bai farfaɗo ba. Wani ma yakan buɗe ido, amma ba ya magana, ba ya yin abin da aka ce ya yi. Sai ku ji dangi suna cewa ai ba ya jin kome, numfashi kaɗai ya rage. To, ku kasa kunne.

Da fari likita yakan duba abu uku: buɗe ido, da magana, da motsi. Likitoci biyu na birnin Gilasgo suka tsara wannan awo a 1974, lissafinsa kuwa daga 3 zuwa 15 ne. Amma abin da ido ya gani kaɗai yake faɗa.

Saboda haka ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Akwai wanda ake kira siti sikan, an fara yi wa majiyyaci shi a Landan a 1971. Shi yakan nuna tsagewar ƙoƙon kai, da kumburi, da jinin da ya taru yana danne ƙwaƙwalwa. In an gano jinin da wuri aka yi aiki aka fitar da shi, sau da yawa mutum yakan tsira.

Akwai kuma na'ura mai aiki da maganaɗisu, watau Em-Ar-Ai. Da ita ana iya ganin sashen ƙwaƙwalwa da ke aiki, gama inda aiki yake, nan jini yake ƙaruwa. A 2006 wani masani a Kambirij ta Ingila, Adrian Owen, ya ba da labarin wata mace mai shekara 23 wadda haɗarin mota ya bari kwance, ba magana, ba amsa. Aka sa ta cikin na'urar, aka ce ta raya a ranta tana wasan tanis, sa'an nan tana zagaya ɗakunan gidanta. Sai ga ƙwaƙwalwarta tana aiki daidai da ta mai lafiya. Ashe tana ji, tana ganewa! A 2024 kuma aka ba da sakamakon gwajin mutum 241 irinta, da wannan na'ura ko da awon lantarkin ƙwaƙwalwa, aka sami 60 sun amsa. Watau ɗaya cikin huɗu ke nan.

Amma ku lura, hoto ba magani ba ne, kuma ba kowa ke farfaɗowa ba. Irin gwajin matar nan sai a manyan asibitoci ƙalilan na duniya. Duk da haka darasin namu ne duka.

In mutum ya bugu a kai ya suma, ku ɗauke shi a hankali, kansa da wuyansa a miƙe, ku kai shi asibiti nan da nan. Kada ku ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu, zai shaƙe. In likita ya ce a tafi babban asibiti don hoto, kada a yi jinkiri. In jiyya ta yi tsawo, a riƙa juya shi kowane awa biyu don kada gyambo ya fito masa. Ku kira sunansa, ku gaishe shi, ku yi masa addu'a. Kada a yi zancen mutuwa ko rabon gado a kansa, watakila yana jinku.

Masu babur kuwa, ku sa hular kwano. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.