Rumbun Taimako Domin 'Yan'uwanmu na Nijar

Jawabin da aka gabatar a taron dattawan ikilisiya a Aujara



Maganar da na zo da ita ita ce mu kafa rumbun taimako tun da kaka, kada mu jira sai masifa ta auku a Nijar sannan mu fara yawo da kwanon baiko.

Manyanmu ba su manta da shekarar 2005 ba. Fari da fāra sun cinye amfanin gona a Nijar a 2004, shekarar da ta biyo baya kuwa yunwa ta kama miliyoyin mutane, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2024 kuma ruwa ne ya yi ɓarna: ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a ƙasar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya. Mu ma a Jigawa mun sha ambaliya a 2022 da 2024, mun san yadda gidan ƙasa yake rushewa cikin dare.

Waɗannan mutane ba baƙi ba ne. Muna haɗuwa da su a kasuwar Maigatari, harshenmu ɗaya. Mishan ɗin SIM, wadda ECWA ta fito daga aikinta, ita ce ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Masu bi a can 'yan kaɗan ne kamar mu.

Wani zai ce, mu da ba mu da yawa, kuma talakawa ne, me za mu iya? A duba Ayyukan Manzanni sura 11. Da aka yi annabcin yunwa, masu bi na Antakiya ba su jira ba, kowa ya bayar gwargwadon ƙarfinsa, suka aika Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. A 2 Korintiyawa sura 8 kuma, ikilisiyoyin da Bulus ya yaba, na Makidoniya, matalauta ne. A surar nan za mu ga ikilisiyoyi sun zaɓi wanda zai raka kuɗin, don kada a sami abin zargi.

Ga shawarata:

1. Da kaka, lokacin da hatsi yake da araha, kowane gida ya kawo tiya ɗaya ko biyu ta gero ko dawa. Mai riɗi ko zoɓo ya kawo, a sayar.
2. A zaɓi mutum uku su riƙe rumbun, ɗaya daga cikinsu mace. Kada fasto ya riƙe makulli shi kaɗai, wannan kariya ce gare shi.
3. Magatakarda ya rubuta kowace tiya da kowace naira, a karanta lissafi a gaban ikilisiya.
4. Kafin a aika, a tambayi shugabannin ikilisiyoyin can abin da suke bukata. Wani lokaci hatsi ne, wani lokaci kuɗin magani ko kwanon rufi.
5. Matasan da za su kai kaya su bi ta hannun hukuma da takardu cikakku. Ban da hanyar fasa-ƙwauri.
6. Idan shekara ta wuce lafiya, a raba wa gwauraye da marayu na garinmu kafin ƙwari su ɓata hatsin, a sake cikawa.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mai nauyi. In an zo rabo, kada a tambayi mai yunwa addininsa, kada kuma a sa masa sharaɗi. Yawancin waɗanda za su ci hatsin nan Musulmi ne, kamar maƙwabtan da muke zaune da su a nan. Haka ya kamata.

Dattawa, ina roƙo kada mu tashi yau sai mun zaɓi mutanen nan uku. Ubangiji ya taimake mu. Amin.