Ɗan Hakin Da Ka Raina: Sifirin Bawul A Wajen Garambawul



Mu ma'aikatan gwamnati kullum sai mun ji kalmar garambawul a ofis, alhali kuwa a gareji aka haife ta. Asalinta goge bawul ne idan an sauke kan inji, aikin da kanikawanmu suka ƙware a kai tun zamanin Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975. Ni ba bakanike ba ne, amma akan tarar da ni tsaye duk ranar da aka buɗe injin motata, domin albashina ne ke kan benci.

Abin da nake son jan hankalinku a kai shi ne sifirin bawul, wato ɗan murɗaɗɗen ƙarfen da ke mai da bawul mazauninsa bayan ya buɗe. Idan inji na juyi 3,000 a minti, kowane bawul na buɗewa sau 25 a daƙiƙa guda. Malamanmu na Fiziks sun koya mana dokar Hooke, cewa sifirin na danno gwargwadon matsin da aka yi masa. To, amma zafi da shekaru kan rage masa ƙarfi. Idan ya yi laushi, bawul ba ya rufewa da kyau, sai ya ƙone, mota ta rasa ƙarfi a kan tudu. In kuwa ya karye, bawul na iya faɗawa kan fistan, aikin kwana biyu ya koma sayen inji.

Saboda haka kafin a mayar da kan inji, a wanke sifirin ɗin a duba tsatsa ko tsagewa. Daga nan a jera su kan gilashi tare da sabo guda, wanda ya gajarce ya gaji. Sai a tsayar da kowane a jikin sukwaya ana juya shi. In ya karkace fiye da kimanin milimita 1.5, zai riƙa cin bawul ta gefe ɗaya. Inda babu na'urar awo, a haɗa tsoho da sabo kai da kai, da ɗan faifan ƙarfe a tsakani, a matse su a hankali cikin bayis. Wanda ya fi lotsewa shi ne rago. Kada ku yarda a miƙe gajiyayye da hannu a mayar, tsawo kawai zai samu, ba ƙarfi ba.

Wannan dubawa ba ta kai awa guda ba, kuɗin sifirin kuma bai taka kara ya karya ba. Ku tambayi bakanikenku cikin girmamawa: "Malam, an gwada sifirin?" Na kirki ba zai ji haushi ba.