Kafin Mu Ga Teku, Mu San Dutsen Gida



An nemi in faɗi ra'ayina game da yawon buɗe ido na bana. Mafi yawanku kun zaɓi ƙasar Kamaru, ban kuwa ga laifinku ba. A can ne Dutsen Kamaru yake, mai tsayin mita 4,040, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000. A gindinsa kuma ga garin Limbe, inda raƙuman ruwan teku ke dukan baƙin yashi. Wanda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce Dam ɗin Muhammadu Ayuba na Kazaure ba, dole ransa ya biya.

Amma ku ji abin da ya sauya mini tunani. Rannan wani malami ya ɗora mini wani farin dutse a tafin hannu, ya ce in faɗi inda aka samo shi. Na yi ta kame-kame. Ashe daga tsaunukan Kazaure ya tsinto shi, inda na yi wasan ƙasa! Ya bayyana mini cewa asalinsa yashi ne da ya kwanta a ƙarƙashin ruwa, sa'an nan zafi da matsi suka mai da shi dutse wajen shekara miliyan 600 da suka wuce. Na ji kunya ƙwarai, domin baƙo ya karanta mini garinmu.

Saboda haka ga shawarata. Mu ɗauki mota guda, mu roƙi malamin ilimin duwatsu ya yi mana jagora. Mu fara da Kazaure da Roni, mu hau tsauni mu taɓa wannan tsohon yashi da hannunmu. Mu ratsa Gwiwa mu ji daga bakin manoma yadda ruwan sama ke zaizaye gonaki. Mu isa Babura, kusa da iyakar Nijar, mu ga rairayin da iska ke tarawa, wato irin jigawar da jiharmu ta samo sunanta daga gare ta da aka ƙirƙiro ta a 1991.

Mai son ganin aikin wuta kuwa, sai mu gangara kudancin Kano, mu ratsa dajin Falgore zuwa Riruwai. Duwatsun nan da suka yi zobe saura ne na wani dutse mai aman wuta da ya mutu fiye da shekara miliyan 160 da suka wuce. Daga cikinsu ne kakanninmu suka haƙo kuza tun kafin zuwan Turawa.

Akwai kuma maganar aljihu. Tafiya Kamaru sai mai hali, alhali kuwa kuɗin ƙungiya na kowa ne, har da ɗan talakan da ya sayar da akuya ya biya kuɗin makaranta. Shin adalci ne goma su tafi, ɗari su tsaya kallon hotuna?

Ban ce kada mu ga teku ba. Teku na nan, ba ta ƙaura. Amma duwatsunmu kullum fasa su ake yi ana lodin tsakuwa, dattawan da suka san sunan kowane tsauni kuma suna ta ƙarewa. Ranar da muka tsaya a gindin Dutsen Kamaru jagora ya tambaye mu labarin ƙasarmu, ina so mu sami abin faɗa.

 Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.